Yarinya ta Talatin

Litinin, 4 ga Maris

Taron malamai bayan an tashi. Mista Burkhart, shugabanmu, ya shigo da donot, irin fanken Turawa, kwali biyu, alamar akwai abin da zai roƙa. Jarrabawar jiha saura wata guda. Ya haska sakamakon bara a bango, rukuni-rukuni yadda jiha ke so: farare, baƙaƙe, 'yan Latin masu jin Sifaniyanci, masu cin abincin rana kyauta, masu buƙata ta musamman, masu koyon Turanci. Layin farare kore shar, sun ci. Masu koyon Turanci ja wur. Ya tsaya gaban jan kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa, ya ce mu a makarantar Gabas dangi ɗaya ne, kuma dangi ba sa yar da nasu. Aka tafa masa, wasu da donot a baki.

In rukuni ɗaya ya sake faɗuwa bana, jiha za ta sa mu cikin makarantun da take sa wa ido. A buga sunanmu, a turo masu duba aiki, kujerar da yake hange a ofishin gunduma kuma ta bi ruwa. Wannan bai faɗa ba. Ba wanda bai sani ba.

Kusan shekara ashirin na yi ina ɗauko wa jarida labarin irin wannan taro daga kujerar baya. Jarida ta mutu, na dawo kujerar gaba, mai riƙe da rajista da takardun jarrabawa. Jawabin bai canza ba.

Sai Dale, malamin lissafi, ya tambaya me ya sa layin 'yan asalin ƙasa babu maki, sai alamar tauraro. Malamai cike da ɗaki, shekara da shekaru suna kallon takardar nan, ba wanda ya taɓa karanta ƙananan rubutun da ke gindinta. Na ce rukunin da bai kai yara talatin ba, jiha ba ta buga makinsa, ba ta kuma hukunta makaranta a kansa. Tauraro take sa wa, ta wuce. Na faɗa ne don in ga fuskokinsu, kuma na gani.

Burkhart ya daina tauna. "Masu koyon Turanci nawa gare mu bana, Lorna?"

Na ce talatin cif.

Baki shi ke yanka wuya. Ba lallai wuyan mai bakin ba.

Laraba, 6 ga Maris

Ya nemi adireshin duka talatin ɗin. Na kai masa. Mutumin da bai taɓa karanta rahoto har ƙarshe ba, yau ya bi layi-layi da yatsa.

Ya samu. Marleni Batz, aji bakwai, 'yar Guatemala. Ubanta na aiki a masana'antar nama. Cikin Disamba suka tashi suka koma unguwar gidajen kwano da ke ƙetaren layin dogo, yankin makarantar Yamma ke nan. Al'adar gunduma ita ce yaro ya ƙarasa shekara inda ya fara ta. Al'ada ce, ba doka ba, kuma a hannun shugaba take.

Ya ce yana tausayin yarinyar, doguwar tafiya take yi a bas kullum. Wata uku tana yinta, yau tausayin ya sauko.

Alhamis, 7 ga Maris

Noreen Pasko ta tare ni a bakin injin kofi. Ita ke koyar da masu koyon Turanci, a wani ɗaki da da can sito ne, ba taga. Mace ce mai kuka kusa, irin waɗanda ke sayen fensir da kuɗinsu su kuma tabbatar ka ji labari. Ta ce yarinyar ta shekara guda a makarantar nan ba ta buɗe baki ba. Harshen gidansu K'iche' ne, Sifaniyanci ma aro ne gare ta, Turanci shi ne na uku. Sai cikin kakar da ta wuce ta fara magana, a ɗakin Noreen kaɗai, da Noreen kaɗai. A kai ta wani wuri yanzu, ta ce, ta koma shiru.

"Ke kika miƙa masa wuƙar, Lorna."

Na ce abin da ke rubuce na karanta masa. Ba laifina ba ne in ni kaɗai na iya karatu a ginin nan. Ta tafi ta bar kofinta.

Talata, 12 ga Maris

Dusar ƙanƙara. An rataye ƙyalle a baranda: KOWANE YARO ZAKARA NE. Ban da ɗaya.

Juma'a, 15 ga Maris

Uban ya zo da takalman roba na wurin aiki, hularsa a hannu. Gajere, mai faɗin kafaɗa, yatsa ɗaya a naɗe da filasta. An kira tafinta ta waya, kamfanin ya ce ba su da mai jin K'iche'. Sai Burkhart ya ce ai ga Marleni, ta fassara.

Haka aka yi. Ina zaune ina rubuta bayanin zaman, yarinya 'yar shekara goma sha uku tana fassara wa ubanta korar da ake yi mata. Burkhart ya faɗi jimla, ya dakata yana murmushi, ita ta juya ta maimaita. Ba na jin harshen, amma na san tsawon jimla. Ba ta rage komai ba. Har inda ya ce mu dangi ɗaya ne ta fassara, na ga uban ya gyaɗa kai.

Tambaya ɗaya ya yi. Za ta zauna babbar jarrabawar? A fahimtarsa da ita gwamnati ke sanin wane yaro ne mai ƙoƙari, kuma za a tuna. Burkhart ya ce sosai ma, a Yamma, makaranta mai kyau ƙwarai. Mutumin ya tashi ya yi godiya da hannu biyu.

Na sha ganin rashin kunya a majalisar gari da kotu. A can ko ba komai ana hayar lauya ya yi.

Talata, 19 ga Maris

Waya daga Misis Tillotson, shugabar Yamma. Ni ta kira, ba shi ba. Mun san juna tun ina jarida, ba ta taɓa yafe mini wani labarin rufin ɗakin motsa jiki ba.

"Lorna, 'yar gari, ki gaya wa ubangidanki ba jiya aka haife ni ba. Nawa ashirin da tara ne."

Na yi dariya har sakatariya ta leƙo. Duk wanda sunansa ke rajistar makaranta ranar da aka buɗe jarrabawa, nata ne. In Marleni ta shiga Yamma, ita ce ta talatin ɗinsu. Tillotson ta karanta gindin takardar tun tuni, ashe. Na ɗan ƙara ganin girmanta, yadda ake ganin girman ɓarawon da ya iya aikinsa.

Alhamis, 21 ga Maris

Saƙonni tsakanin shugabannin biyu, ana sa ni da ofishin gunduma a kwafi. Kowanne yana farawa da "abokin aikina mai daraja", kowanne yana ƙarewa da "maslahar yarinyar". Na ƙirga maslahar har na gaji. Gunduma ta amsa da layi biyu: tana da yaƙinin shugabannin za su daidaita. Wato kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Gobe ce ranar Marleni ta ƙarshe a nan. Noreen za ta gasa kek. Ko shakka babu za ta yi kuka a kansa.

Litinin, 25 ga Maris

Ta je Yamma da safe, aka maido ta gida. Takardun shaidar adireshi ba su cika ba: gidan da sunan kawunta aka kama shi, takardar wuta ma haka. Sai an kawo wasiƙar mai gida da hatimi. Mai gidan yana wata jiha, ba ya ɗaukar waya. Tillotson ta san haka. Ina jin ta fi mai gidan sanin inda yake.

Burkhart ya ce in cire ta daga rajistarmu. Na ce da zarar Yamma ta tabbatar ta karɓe ta.

Juma'a, 29 ga Maris

Gangamin ƙarfafa gwiwa a ɗakin motsa jiki. Burkhart ya fito cikin rigar soso mai siffar fensir, kansa ta wajen abin gogewa. Yara suna ihu, ba don jarrabawa ba, don an fasa darasi. An yi alkawarin fiza, gurasar Turawa mai cuku, ga ajin da ba wanda ya yi fashi ranar jarrabawa. An sayo alewar minti buhu-buhu, wai wani bincike ya nuna yana wasa ƙwaƙwalwa. Na nemi binciken. Kamfanin minti ne ya biya aka yi shi.

Malamai sun raba yara uku: waɗanda za su ci ko an bar su, waɗanda ba za su ci ba ko an kwana a kansu, da na bakin layi. Na bakin layi kaɗai ake koyarwa yanzu. Sauran an ba su takardun cike gurbi. Dale ya ce mini wannan shi ne amfani da hankali. Na ce shi ma likitan yaƙi haka yake yi, sai dai shi ba ya sa rigar fensir.

Marleni mako guda a gida. Noreen ta ce rainon ƙannenta take yi.

Talata, 2 ga Afrilu

Na fito da rana zan kai takardu, na sami Marleni a ƙofar gefe, wadda masu kawo kayan abinci ke bi. Da ƙafa ta zo, ta bi gefen layin dogo. Takalmanta sun jiƙe har idon sawu. Littafin gwajin jarrabawa a cikin leda, ta rungume shi. Ɗakin Noreen take nema, amma ba ta da katin shiga, an kashe shi.

Ban taɓa magana da ita ba. Ta dube ni, ta san ni ce matar da ke rubutu ranar nan.

"Malama, ni ta ina ce?"

Na ce, "A rajista, ta nan ce."

Gaskiya ce kawai, ba alheri ba. Na shigo da ita na rufe ƙofa saboda iska na shigowa.

Laraba, 3 ga Afrilu

Ta sake zuwa. Noreen ta zaunar da ita bayan kabad inda ba a hangowa daga ƙofa, kamar kayan sata. Makaranta ce fa. Yaro ya zo karatu, ana ɓoye shi.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Ranar Litinin da safe jiha ke kulle rajista. Burkhart ya zo teburina da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ja kujera, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, wadda ta rasu shekara biyu ke nan. Sa'an nan ya ce maɓalli ɗaya ne fa, Lorna.

Na ce ba ɗaya ba ne. In an cire yaro sai an rubuta inda ya koma. Ina ta koma? Ya ce in rubuta Yamma. Na ce Yamma ba ta karɓe ta ba, kuma sunana ne a ƙarƙashin abin da ake aika wa jiha.

"Ka turo mini umarni a rubuce, da sa hannunka, Yallaɓai. Yanzu in cire ta."

Ya dube ni. Ya san ba zai rubuta ba, na san ba zai rubuta ba. Irinsu ba sa sa hannu sai a takardar yabo. Ya ce in tuna fa lokacin da ba mai son tsohuwar 'yar jarida, shi ya ɗauke ni. Gaskiya ne. Ya ce ba shi kaɗai zai sha ba: in mun shiga jerin makarantun da jiha ke sa wa ido, malamai ne za su kwana rubuta tsare-tsare, iyaye masu hali su kwashe 'ya'yansu, duk don yarinya ɗaya da ni da shi mun san ba za ta ci ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya fi ba ni haushi. Ban saba jin gaskiya biyu a jere daga bakinsa ba.

Na ce ina jiran takardar. Ya tashi, ya mai da kujerar wurinta a hankali.

Kada in ruɗi kaina. Ba tausayi ba ne. Ashirin da tara ƙarya ce, ni kuma ban taɓa buga lambar da na san ƙarya ce ba. Shi ke nan.

Litinin, 8 ga Afrilu

Takarda ba ta zo ba. An kulle. Talatin.

Talata, 9 ga Afrilu

Jarrabawar karatu. Na raba takardu, na raba minti. An kunna wa Marleni katinta, tunda yanzu fashinta ma a kanmu za a rubuta shi. Ta zauna a layin taga. Leɓɓanta na motsi tana karatu. Rabin ajin sun gama cikin ɗan lokaci sun kife kai a tebur, wani yaro ya cike guraben amsoshinsa a siffar maciji. Ita ce ta ƙarshe, sai da na ce lokaci ya yi. Mintin ba ta sha ba, ta sa a aljihu. Na ƙannenta, ina ji.

Burkhart bai gaishe ni ba a baranda. Hutu ne.

Alhamis, 16 ga Mayu

Rabon aiki na baɗi ya fito. Rajista da jarrabawa sun koma hannun mataimakinsa. Ni an ba ni tsaron ɗakin cin abinci da layin bas, "don a ci moriyar ƙwarewata wajen hulɗa da jama'a". Wanda ya rubuta wannan jimla ya fi ni iya zagi. Na yaba.

Noreen ta rungume ni a gaban mutane. Na roƙe ta kada ta sake.

Juma'a, 23 ga Agusta

Sakamako ya fito. Farare kore, kamar kullum, kamar gidajen iyayensu ne aka yi wa jarrabawa, kuma su aka yi wa. Masu cin abinci kyauta sun ɗan sauka. Masu koyon Turanci: huɗu cikin talatin suka ci karatu. Mun shiga jerin. Yamma ta sami tauraronta, Tillotson kuma ta sami lambar yabo ta gunduma saboda ba ta da rukuni ko ɗaya a ja.

Marleni ta faɗi. Bara mataki na ɗaya, na can ƙasa. Bana na biyu. Ci daga na uku yake farawa.

Ga inda abin ya yi daɗi. Makarantar da ke cikin jerin ba ta fita sai rukunin da ya jefa ta ya nuna yana hawa, kuma ana lissafa duk yaron da ya tsallake mataki. Burkhart ya karanta gindin takardar da kansa wannan karon. A cikin talatin ɗin, kaɗan ne suka hau. Jiya ya sa hannu a takardar izinin Marleni ta yi aji takwas a nan, duk da adireshinta. Ya aika a ɗauko uban, ya sha hannu da shi, aka ɗauki hoto. Doguwar tafiyar bas ɗin ta daina damunsa.

Ya ce a taro shiga jerin nan dama ce gare mu. Jiha ta turo wani saurayi mai taye ya koya mana yadda ake son yara, da hotuna a bango. Donot kwali uku.

Talata, 10 ga Satumba

Ɗakin cin abinci. Ƙara kamar tasha, ƙasa na danƙo da madara. Yaran nan suna cin abinci kamar ana binsu da sanda. Na san sunayen fiye da rabinsu yanzu, dole ce ta sa, ba a tsawata wa yaro da "kai mai jar riga".

Marleni na zama a teburin ƙarshe, kusa da inda nake tsayawa. Makon jiya na tambaye ta me ta gaya wa ubanta game da sakamakon. Ta ce ta ce masa biyu ya fi ɗaya. Na ce amma faɗuwa ce. Ta ce ta sani, shi ma ya sani, ba wawa ba ne.

Yau ta turo mini takarda ta gefen tire. Aikin Noreen ne: rubuta wata rana da ba za ka manta ba. Noreen ta riga ta zana mata fuska mai murmushi a sama ta rubuta "Madalla", ba ta gyara ko harafi ba. Haka ake kashe marubuci tun yana ƙarami.

Na karanta a tsaye. Ranar da mahaifiyarta ta haihu a motar kawu ne, kafin su isa asibiti. Aya babu, lokutan aikatau a hargitse. Kuma labarin yana can sakin layi na uku, bayan dogon bayanin yanayin gari, kamar na kowane sabon ɗan rahoto da na taɓa gani. Na ce ta ɗauko haihuwar ta sa a sama, sauran su biyo baya.

Ta ce a'a. Ta ce ba haka ya faru ba, ruwan sama ne ya fara zuwa, in ba ruwan ba da sun isa. Ta yi mini gardama, da Turanci, har aka kaɗa ƙararrawa. Ba ta da gaskiya. Ko kuma tana da ita kaɗan.

Na ce ta kawo gyaran ranar Alhamis. Ba na son barin aiki rabi, shi ne kawai. Jan birona ya bushe tun zamanin jarida, na tsaya kanti a hanya. Na sayi kwali guda. Ya fi araha.